Daga Alƙalamina: Kwana Uku A Bukkar Goggo

  Wasiƙunku sun iso, na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Masu yi mini ƙorafin kashi na uku na littafina ku ƙara haƙuri, ya bar hannuna, yana wurin masu bugawa.

A wannan wata na yi niyyar mu ci gaba da zancen kayan ɗaki da muka faro, wato yadda iyaye ke cin bashi don a yi wa 'ya jeren da za a yi magana a unguwa. To sai wani abu ya gitta, ya hana ni barci kusan kwana biyu, na ga idan ban amayar da shi a nan ba ba zan samu sukuni ba. Amma kada ku damu, zancen bai yi nisa da ɗakin mace ba.

Ran nan da daddare an ɗauke wuta muna shan iska a tsakar gida, sai ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi wani ikon Allah." Na karɓa na duba, sai ga wani fili shar da ciyawa, babu itace ko ɗaya, ga tsaunuka sun kewaye shi kawunansu fari fat da dusar ƙanƙara, ga wani tafki a tsakiya. A bakin tafkin an jera waɗansu ɗakuna kewayayyu farare, kai ka ce an kife ƙore. Ga dawaki, ga tumaki, ga wata tsohuwa da ɗankwali ta durƙusa tana tatsar goɗiya. E, goɗiya na ce, ba saniya ba! Daga nan sai ga waɗansu Turawa da jakunkuna a baya sun sunkuya sun shiga ɗaya daga cikin ɗakunan, an shimfiɗa musu, an kawo musu shayi da gurasa, suna ta washe baki.

Ni kuwa kun san halina, idan abu ya shiga raina sai na bi diddiginsa. Ƙasar dai sunanta Kirgistan, tana tsakiyar nahiyar Asiya, ta yi iyaka da Sin da Kazakistan da Uzbekistan da Tajikistan. Babban birninta Bishkek, mutanenta wajen miliyan 7, kuma mafi yawansu Musulmi ne 'yan uwanmu. Kusan duk ƙasar tsaunuka ce. Tafkin da na gani sunansa Son-Kul, yana can bisa tudun da ya haura mita 3,000. Saboda tsananin sanyi ba a iya zama a wurin sai daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. A lokacin ne makiyaya ke koro dabbobinsu daga ƙauyukan da ke gindin tsauni su hau da su, su yi wata uku ko huɗu, idan sanyi ya kawo jiki su sauko. Wannan makiyaya ta bisa tudu ita suke kira jailo. Ku ce mashekari kawai, kun gama.

Ɗakin nan kuwa Turawa na ce masa yurt, su kuma masu abin suna kiransa boz uy, wai gida mai ruwan toka. Babu ƙusa a jikinsa, babu tubali. Bangonsa sanduna ne da aka harɗe kamar raga, ana buɗe shi ana naɗewa, sunansa kerege. Daga bangon sai a ɗaura waɗansu dogayen sanduna masu lanƙwasa, uk, su tafi sama su haɗu a jikin wani kewayayyen katako da ke tsakiyar rufi, wanda ake kira tunduk. Ta nan hayaƙi ke fita, ta nan haske ke shigowa, da dare ko in an fara ruwa sai a ja wani murfi a rufe. A kewaye bangon da asabarin da aka saƙa da wata doguwar ciyawa, sannan a lulluɓe duka da kauraran barguna na gashin tumaki da aka jiƙa aka daddanne har ya manne. Maza ke sassaƙa itacen, mata ke yin bargunan da igiyoyin da adon ciki. Mutane kaɗan za su tayar da shi cikin 'yan awoyi, in tashi ya zo su kwance su ɗora wa dabba ko mota.

Ciki ma da tsarinsa. Idan kika shiga, hannunki na dama gefen mata ne, nan tukwane da kwanuka suke. Hagu na maza ne, nan ake rataye sirdi da linzami. Can ƙurya daura da ƙofa, inda aka jibge katifu da barguna bisa akwati, nan ne mazaunin girma, nan ake zaunar da baƙo. Abin da za a fara miƙo masa kuwa shayi ne, da soyayyen fulawa mai kama da cincin da suke kira borsok, da kuma nonon goɗiyar nan da aka bari ya yi tsami, kimiz. An ce idan ya jima har ɗan bugarwa yake yi. To ni dai a bar ni da kindirmona.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka ɗauki ɗakin. Ku nemi hoton tutar ƙasar ku gani. Ja ce, da rana mai tsirkiya 40 a tsakiya, cikin ranar kuma ba komai aka zana ba illa wannan tunduk, wato ƙofar hayaƙin bukkar makiyayi. A 1992 suka ɗauki tutar, 'yan watanni bayan sun samu 'yancin kai daga Tarayyar Sobiyet. Kuma fa ba a kan gadon jin daɗi suka riƙe abin ba, domin a shekarun 1930 gwamnatin Sobiyet ta tilasta musu zama wuri ɗaya, ta tattara dabbobinsu ta mai da su na gonakin gwamnati. Duk da haka ba su yar da ɗakin ba. Har a cikin birni idan aka yi rasuwa sukan kafa shi a ƙofar gida a yi zaman makoki. A 2014 hukumar UNESCO ta sa sana'ar haɗa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Tun wajen shekarar 2000 kuma aka fara wani tsari a garin Kochkor, inda iyalan makiyaya ke saukar da baƙi 'yan yawon buɗe ido a ɗakunansu, baƙo ya kwana ya ci ya sha ya hau doki, ya biya, kuma galibi mata ne ke riƙe da wannan hidima.

Kada dai ku ce aljannar duniya na kwatanta muku. Su ma da nasu ciwon, kuma mu mata ya fi shafa. Akwai wata mummunar ɗabi'a ta satar amarya, ala kachu, inda saurayi zai haɗa abokansa su sure yarinya a hanya su kai ta gidansu, tsofaffi su taru a kanta har ta haƙura. Sai da aka tsananta hukuncin abin a 2013, kuma bai mutu ba duk da haka. Ko'ina dai ɗiya mace na ganin ta kanta.

Da muka gama kallo sai ƙanena ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, da ma mu ma muna da irin wannan a ƙasarmu." Wallahi sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Yaron nan shekarunsa goma sha biyar, an haife shi a Mafara, ya girma a Mafara, amma bai taɓa taka ruga ba, bai san cikin bukka ba. Abin da ya sani game da daji shi ne wurin da ake kai mutane a nemi kuɗin fansa. Na ce masa, "Muna da shi mana. Ni da kake gani na kwana uku a ciki."

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, Allah ya jiƙanta, tana da wata ƙawa Bafillatana mai tallan nono. Mu dai Goggo muke ce mata, kuma a haka zan bar ta. Tun kafin a haife ni suke tare. Kowace Talata, ranar kasuwarmu, Goggo za ta sauke ƙwaryarta a ɗakin Inna tun da hantsi, ta sha ruwa, ta ɗebar mata man shanu, ta wuce kasuwa. Da azahar ta dawo ta yi salla a kan buzun Inna, su ci tuwo ƙwarya ɗaya, su yi ta gardama a kan canjin da bai kai ya kawo ba. Idan kaka ta yi aka kwashe amfanin gona, shanun mijin Goggo ne ke sauka a gonar kakanmu su ci kara su zuba taki, shi kuma ya auna musu gero. Babu takarda, babu shaida. Haka aka gada.

A watan Disamba na 2010, ina aji shida na firamare, surukar Goggo ta haihu, Goggo ta zo da goro ta ce lallai Inna ta je suna. A lokacin sun sauka ta wajen Bakura, ba nisa da fadama. Na sa kuka sai an tafi da ni. Inna ta harare ni ta ce, "Ke kishiya, mi za ki yi daji? In kin ji sanyi kada ki ishe ni da kuka." Ta dai tafi da ni. Muka shiga mota zuwa wani ƙauye, daga nan muka hau amalanken shanu, sauran kuma muka taka da ƙafa, Inna da ƙullin atamfa da sabulu a ka, ni da ledar gishiri da kanwa.

Gab da magariba muka isa. Abin da na fara ji shi ne warin hayaƙi da kashin shanu, sai kukan maruƙa. Goggo ta taho da gudu-gudu tana "Jabbama, jabbama!" ta rungume Inna. Ni kuwa na tsaya ina waige-waige ina neman gidan. Bukkoki biyar ne a jere cikin gonar da aka girbe, babu katanga, babu zaure, babu ƙyaure. Na ja zanen Inna na ce, "Inna, ina gidan yake?" Ta make mini hannu.

Sai an sunkuya ake shiga bukkar Goggo. Sanduna ne aka kafa a kewaye aka lanƙwaso kawunansu aka ɗaure, aka bi su da kara da ciyawa, aka ɗora wani tsohon tamfol ta gefen da iska ke bugowa. Daga waje kamar ba za ta ɗauki mutum biyu ba, amma da idona ya saba da duhun sai na ga ashe komai da mazauninsa. Ga gadon kara a ɗage bisa 'yan sanduna, an shimfiɗa tabarma da bargo. Ga buhun gero, ga akwatin ƙarfe guda, ga fitilar ƙwai a rataye. Can ƙurya kuwa, bisa wani ɗan dandamali, ga jeren ƙore, manya da ƙanana, an shafe su da farar ƙasa sun yi fari tas, kowace da zanenta, kowace da faifanta mai launi. Wallahi 'yan uwa na shiga ɗakunan amare da yawa tun daga lokacin, masu kabet har rufi, amma ban ga jeren da aka yi wa tsafta da tattali irin wannan ba.

Washegari na tambayi Goggo wane magini ne ya yi mata ɗakin. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ɗiyar Kaɗo! Ni na yi abina. Kwana ɗaya da wuni." Ita ta saro sandunan, ita ta kafa, ita ta ɗaure, 'ya'yanta mata suka taya ta jidar kara. Ta ce ba ta san adadin bukkokin da ta gina ba tun da aka yi mata aure. A rugar nan namiji ba shi da ɗaki, shanu gare shi. Ɗaki na mace ne, ita ta gina, ita ke kwancewa, in za a tashi ita ke ɗaure ƙorenta ta ɗora wa takarkari ko jaki. A lokacin ban gane nauyin maganar ba. Sai yanzu da nake karanta wasiƙunku, ina ganin yadda ake watso wa mace kayanta waje da tsakar dare, ita da iyayenta suka sayi gadon da kujerun amma ko bulo ɗaya na ɗakin ba nata ba ne.

Tsarin rugar ma ba a hargitse yake ba kamar yadda na zata. Bukkokin mata suna ta gabas, garken shanu yana ta yamma, a tsakani kuma ga dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa. Shi ne kamar iyaka, maza na wancan gefe wajen shanu da wutar da ake hura musu, mata na wannan gefe. Da na ga yadda Kirgizawa suka raba ɗakinsu dama da hagu, dangwalin nan ne ya fara faɗo mini.

Goggo tana da wata jika sa'ata, siririya mai kitson doka da 'yan kunne har huɗu a kunne ɗaya. Hausarta kaɗan, ni kuma Fillancina bai wuce "jam" ba, amma kafin gari ya waye mun zama ƙawaye. Da asuba ta tashe ni muka je wajen tatsa. Maza ke tatsa a rugarsu, amma da zarar nono ya shiga ƙwarya ya zama na mata, su za su raba na sha da na sayarwa, kuɗin kuma nasu ne. Na ga yadda ake kwance ɗan maraƙi ya fara tsotsa don nonon ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure ƙafafun uwar. Na ga yadda yayanta ke kiran saniya da sunanta ta ɗago kai daga cikin garke ta taho. Na nace sai na gwada, aka ba ni wata tsohuwar saniya wai mai haƙuri. Na ja, na matsa, ko ɗigo. Saniyar ta waiwayo ta dube ni, ta kaɗa mini wutsiya a fuska. Yaran rugar suka yi ta birgima don dariya.

Ran suna aka aske jaririyar, aka yanka rago, aka dama fura a manyan ƙore. Kakan ya nuna wata karsana a garke ya ce ta jaririya ce, duk abin da ta haifa nata ne. Mai jegon kuwa tana can cikin bukka ta juya baya, ko kallon ɗiyar ba ta yi a gaban mutane, domin ta fari ce, kunya ba za ta bar ta ba. Inna ta yi ta tsokanarta, ita dai sai ta ƙara jan mayafi.

Amma daren farko ne ba na mantawa. Sanyin hunturu a fili ba irin na cikin gari ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Goggo ta ce mu hau gadon, Inna ta ce atafau, suka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe Goggo ta shimfiɗa ƙirgi a ƙasa ta kwanta ta ba mu baya, magana ta ƙare. Ta lulluɓe ni da bargon guda ɗaya da ke ɗakin. Ina kwance ina jin numfashin shanu da tuƙarsu kamar a kunnena. A saman bukkar, inda sandunan suka haɗu, akwai 'yar kafa da ciyawa ba ta rufe ba, ta nan na hango taurari birjik. Inna ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta. Can cikin dare na farka na ga Goggo ta tashi tana gyara mini bargon, ita kuwa daga ita sai zane biyu. Sai da muka dawo gida Inna ta gaya mini cewa kindirmon da muka yi kwana uku muna sha har muna barin saura, shi ne wanda da za ta kai kasuwa. Satin nan bakin Goggo bai ga kuɗin nono ba.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Ruwan da muka sha daga wani gulbi aka ɗebo shi, launinsa kamar kunun kanwa. Babu makewayi sai bayan kalgo. Ƙawata ba ta taɓa riƙe fensir ba, duk da cewa tun 1989 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya. Kuma ita mai jegon a cikin bukkar nan ta haihu, asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar awoyi. Mu marubuta muna da laifi a nan, har da ni. Sau nawa muka rubuta kyakkyawar Bafillatana mai dogon gashi wadda ɗan Alhaji ya gani tana tallan nono, motarsa ta lalace a bakin ruga, ya ɗauko ta ya kai ta Abuja? Gashinta da hancinta kawai muka gani. Ba mu taɓa tambayar wa ya gina ɗakin da ta fito daga ciki ba, ko me ya sa take tafiyar kilomita goma da ƙwarya a ka.

To me ya faru tsakanin wancan dare da yau? Ku da kuke zaune a Zamfara ba sai na gaya muku ba. Manya sun ce abin ya daɗe yana ruruwa. Tun 1965 aka yi dokar keɓe wuraren kiwo a Jihar Arewa, amma a hankali gonaki suka cinye burtali da makiyaya, masu iko suka yanka dazuzzuka suka raba. A nan yankinmu, madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ta shanye gonaki da ƙauyuka ta wajen Maradun, ta canza yadda ruwa ke malala a fadamun da ke ƙasa da ita. Manoman da suka tashi neman diyya aka buɗe musu wuta ran 28 ga Afrilu 1980, har yau lissafin gawawwakin na hukuma daban, na mutanen gari daban. Ƙasa ta ƙuntata ga manomi, ta ƙuntata ga makiyayi. Su Kirgizawa a 2009 sai da suka zauna suka yi doka sukutum a kan makiyaya, wa zai yi kiwo a ina, nawa zai biya a kan kowace dabba. Mu kuwa muka bar abin a hannun wanda ya fi ƙarfi. Daga wajen 2011 satar shanu ta yi ƙamari, bindigogi suka shigo, aka kafa 'yan sa-kai, ramuwa ta bi ramuwa, har aka kai inda ba a tambayar laifin mutum sai dai a dubi fuskarsa.

Ba wanke kowa nake yi ba. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ya yi kwana arba'in da ɗaya a hannun 'yan bindiga, sai da aka sayar da gona biyu, kuma ya ce da Fillanci suke magana. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe, a cikin ƙaramar hukumarmu, sa'o'in da yawa daga cikinku. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun, daga nan aka rufe layukan waya da kasuwannin mako muka zauna kamar a cikin rijiya. Duk ina nan, ba labari aka ba ni ba. Don haka kada wata ta karanta wannan ta ce na ce a ɗauki jaka a nufi daji. Ko kusa. Ku zauna inda iyayenku suka ajiye ku.

Amma ga abin da na gani da idona. Tun wajen 2016 zuwan Goggo ya fara ja baya, daga kowace Talata ya koma sau ɗaya a wata. An kore musu shanu sau biyu, na biyun har da karsanar jaririyar nan da 'ya'yanta. Ta ce a daji ana ce musu 'yan leƙen asirin gari, a gari kuma ana ce musu iyayen ɓarayi. Wata Talata ɗanta ya kawo tumaki kasuwa bai koma gida ba, kuma ba a ga ko takalminsa ba.

Zuwanta na ƙarshe da damina ne a 2019. Da sassafe ta yi sallama, sanye da dogon hijabi irin namu don kada a gane ta a hanya, na rantse ban shaida ta ba sai da ta yi magana. Ba nono a kanta. Wani babban ƙulli ne a cikin tsohon zane. Ta kwance a gaban Inna, sai ga ƙoren nan na ƙuryar bukka, guda goma sha ɗaya, da faya-fayansu. Ta ce waɗansu mutane sun ƙone rugar, waɗannan ne kawai ta fitar. Za su yi kudu, ba ta san inda za su tsaya ba, kuma babu takarkari babu jaki, a mota za su, ƙore ba za su kai ba. Ta ce babbar ta uwarta ce. "Ki ajiye mini, Yaya. In Allah ya sa mun dawo in karɓa." Inna ta ce, "Ko shekara nawa kinka yi, kina iske su." Ba su yi kuka a gaban juna ba. Sai da Goggo ta fita Inna ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Bayan abin Jangebe wata 'yar uwarmu ta zo gidan, ta hango ƙoren bisa sif ɗin Inna, ta ce a fitar da kayan mutanen nan a farfasa, ko ganinsu ba ta son yi. Ban ga laifinta ba, ɗanta ne wanda aka sayar wa gona. Inna ta yi shiru har ta gama, sannan ta ce, "Wadda tab ba ni su ba ta ɗauki ɗan kowa ba. Nata anka ɗauka. Amana ta, ba ni taɓa ta." Daga nan ba a sake tayar da maganar ba.

Inna ta rasu a 2022. Da aka zo rabon kayanta babu wanda ya ce yana so, babu kuma wanda ya yarda a sa su cikin gado tunda ba nata ba ne. Sai na ɗauko su. Suna nan a ɗakina, duk bayan wata biyu ina sauko da su in kakkaɓe in shanya saboda gara. Daren da ƙanena ya nuna mini bidiyon nan na sauko masa da su, ya yi ta jujjuya babbar yana shafa zanen, ya ce, "Yaya, wai da hannu aka yi wannan?"

Na san mujallar nan tana zuwa Neja da Kwara da Kogi, har Ghana an taɓa rubuto mini. Don haka ga roƙona. Idan a unguwarku ko makarantarku akwai wata Bafillatana da ta taso daga wajen Bakura, mai kimanin shekara ashirin da shida, ko wata yarinya da aka haifa a watan Disamba na 2010 a cikin gonar gero, ku karanta musu wannan shafi. Ku tambaye su ko kakarsu ta taɓa barin ajiya a Talatar Mafara. Babbar ƙwaryar ta taɓa tsagewa daga baki, gyartai ya ɗinke ta, kuma akwai wata alama a gindinta da ba zan faɗa a nan ba. Wadda ta faɗi alamar daidai ta rubuto ta ofishin mujalla, za a miƙo mini, ni zan biya kuɗin motar da za ta kai su.

Zancen kayan ɗaki sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.